Malam Prescod Yana Kallo

3 ga Maris

Zuwa ga Mama,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya ciwon gwiwar? Ki gaida Anti Verna.

Na san kin ji a rediyo, an sake lallasa mu a wasan ƙwallon kurket, karo na biyar ke nan a jere. A kasuwar kifi wata mata ta ce mini, "Lennox, man shanu ka shafa a hannu ne? Ko jikata ta fi ka cafe ƙwallo!"

Mama, ba kuskure ba ne. Mista Vernon na hukumar wasa ne ya ce in saki ƙwallon, in ba haka ba in manta da rigar 'yan wasan ƙasa. Akwai masu caca a bayansa. Na kuwa saki. Sai bayan an tashi na ji cewa Malam Prescod, malaminmu na firamare wanda ya koya mini wasan, ya faɗi matacce a kujerarsa ta 'yan kallo a filin daidai wannan lokacin.

Ɗanki,
Lennox

19 ga Maris

Mama,

Ina gaisuwa, Allah ya ƙara sauƙi. Kin tabbata kin ga an binne Malam? Ranar Asabar, da rana tsaka, muna cikin wasa, na gan shi a kujerarsa. Jama'a na ihu, shi ko motsi ba ya yi, hannuwana kawai yake kallo. Mutane sun cika ko'ina har a kan matakala, amma ba wanda ya zauna kusa da shi.

Na nuna wa kyaftin ɗinmu, Desmond, wanda shi ma yana cikin cinikin masu cacar. Ya yi dariya ya ce, "Rana ce ta dafa maka kai, mutumina. Je ka sha ruwan kwakwa."

Jiya ya matso layin gaba. Yau a wurin atisaye yana tsaye a bakin fili. Yatsuna sun yi sanyi ƙalau, ko cokali ba na iya riƙewa. Ki sa ni a addu'a a coci.

Lennox

2 ga Afrilu

Mama tawa,

Da fatan kin tashi lafiya. Na je gaban masu binciken maguɗin wasa na faɗi komai, har da sunaye. Sun kore ni daga wasa har abada. Za ki ga hotona a jarida, ki yafe mini. Da na fito na leƙa filin, ba Malam, ba kowa, hannuna kuma ya yi ɗumi.

Da safen nan Desmond ya kira ni a waya. "Lennox, don Allah, tsohon nan da ka ce... yaya kamanninsa? Akwai wani zaune a barandata. Matata ta ce ita ba ta ga kowa ba."

Na ba shi lambar masu binciken. Ina zuwa gida ranar Juma'a.

Ɗanki mai ƙaunarki,
Lennox