Ƙwayoyin da Suka Ƙi Motsi

Litinin, 7 ga Yuli, 2025
Gusau. Na sake kusanta maganaɗisu da farantin gwaji, na duba ta na'urar hangen ƙananan halittu. Ko gezau. Shekara uku ke nan ina gyaran furotin ɗin da zai tara ƙarfe a cikin ƙwayar halitta, don a iya janta da maganaɗisu, ko a gano inda ciwo ya ɓoye a jiki. Ƙarfen yana taruwa, ƙwayar ce ke mutuwa.

Alhamis, 10 ga Yuli
Sinadaran da na yi oda daga Zariya sun kwana biyu a Tsafe, an rufe hanya. Ƙanƙarar da aka sanyaya su da ita ta narke. Direba ya ce, "Hajiya, mu gode Allah da muka iso da rai." Gaskiyarsa. Na zubar da su.

Asabar, 19 ga Yuli
Bunguɗu. Ƙullutun da ke ƙirjin Inna ya ƙaru, ta daina ɓoyewa. Ina shafa mata mai ta ce, "Aziza, wanga ƙarhe naki, ba ya jawo min abin nan waje?" Na ce da saura, Inna. Ta ce, "To, ina jira." Ba da wasa ta faɗa ba. Ina ma ban taɓa ba ta labarin aikina ba.

Laraba, 23 ga Yuli
Babu wuta tun jiya. Rabin abin da ke firizar ɗakin gwaji ya lalace.

Lahadi, 3 ga Agusta
Likita ya ce ciwon Inna ya yaɗu zuwa huhu. Ya yi mini bayani a hankali kamar ban san kalmomin ba. Na bar shi. Ko yau ƙwayoyina suka motsa, nan da shekara ashirin ma ba za su isa gadon jinyar Inna ba. Na daɗe da sanin haka, yau ne dai na rubuta.

Talata, 12 ga Agusta
Inna ta sha kunu cokali huɗu.

Litinin, 25 ga Agusta
Bunguɗu har yanzu. Hadiza, abokiyar aikina, ta kira tana haki, wai kamar wasu ƙwayoyi sun karkata wajen maganaɗisun, in zo in gani. Na ce ta maimaita gwajin sau uku, littafina yana aljihun tebur, ta riƙe shi. Ta ce, "Aziza, kin bar aikin ke nan?" Na ce a'a, wa ya ce?

Na ajiye wayar na koma tsefe wa Inna kai. Sai da na gama na lura ban tambaye ta ƙwayoyi nawa ba.