Ƙofar Mama Milagros a Titin Sol

Mount Hope, Bronx
9 ga Fabrairu

Sista Salome,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya teku, yaya Hosanna? Allah ya yi mata albarka. Ba kowace 'ya ce za ta sa uwarta a jirgin ruwa yawon shaƙatawa don ta cika shekara sittin ba.

Alfarma nake nema. Kin san Mama Milagros, tsohuwar da nake kula da ita shekara shida ke nan. Jikin ya yi nauyi. Tun da likita ya ce sai dai a lallaɓa, ta juya fuska bango, ta daina magana. Jiya ina goge mata jiki na ce ƙawata tana cikin jirgi, za su tsaya San Juan ran Laraba. Sai ta riƙe hannuna. Ashe can aka haife ta, rabonta da garin shekara hamsin da bakwai. Ta ce gidansu yana Titin Sol, mai shuɗiyar ƙofa, kusa da mai gasa burodi.

Don Allah ki ɗauko mata hoton ƙofar, shi ke nan. Ba ta da kowa a nan, ɗanta ɗaya ya riga ta gidan gaskiya.

Taki,
Hamdatu

A cikin jirgi, bayan San Juan
12 ga Fabrairu

'Yar'uwata Hamdatu,

Ina gaishe ki da sunan Allah mai rai, da fatan mai jiki ta samu sauƙi.

Awa bakwai aka ba mu a gari. Sauran fasinjoji suka nufi tsohuwar ganuwar bakin teku, mu muka kama hanyar Titin Sol. Garin tsoho ne, tituna matsattsu an shimfiɗe su da duwatsu, gidaje kowanne da kalarsa, ga hawa kamar unguwarmu a Jos. Gwiwata ta ji jiki. Muka bi titin sau biyu, babu mai burodi, ƙofofi masu shuɗi kuwa sun fi goma.

Hosanna ta riƙa tambaya da ɗan Sifaniyancin makaranta, har aka nuna mana wani dattijo a inuwa, Don Eusebio. Da ya ji sunan Milagros sai ya cire hularsa. Ya ce, “Mila? Tana da rai?”

Shi ya kai mu gidan. Hamdatu, ya zama shagon sayar wa baƙi riguna da huluna, ƙofar ma gilashi ce yanzu. Na ɗauki hoton, amma ki duba kafin ki nuna mata.

Dattijon ya zaunar da mu, jikarsa ta kawo kofi. Ya ce ranar da Mila za ta tafi New York ya sayo zobe, ya tsaya a kwanar titi har motar ta wuce, ya kasa fitowa. Ya yi aure daga baya, matar ta rasu. Na tambaye shi ko zai yi mata magana, Hosanna ta ɗauki muryarsa minti huɗu. Ban ji me ya ce ba, don da Sifaniyanci ya yi. Ga muryar nan na haɗo, da lambar jikar.

Ganuwar kuwa daga saman jirgi na hange ta muna fita, kuma ban yi da-na-sani ba.

Allah ya ƙara miki ƙarfi.

Ni ce,
Salome Dalyop

Mount Hope
14 ga Fabrairu

Sista,

Gaisuwa da godiya. Medaase, kamar yadda ake godiya a garinmu, Allah ya biya ki.

Ban ɓoye mata hoton ba. Ta duba, ta ajiye. Muryar ce ta sa na kunna sau uku. A na ukun ta yi dariya har da tari. Ta ce ai ta gan shi ranar, ya laɓe bayan falwaya kunnuwansa a waje, kuma sai da ta sa direba ya jira, wai ta manta jaka. Daga nan ta yi kuka, na bar ta ta yi.

Na kira jikar. Ran Lahadi ƙarfe uku Mama da dattijon za su ga juna ta waya. Ban san ko jikin zai kai ba, mu dai yi addu'a, ke da taki ni da tawa.

Mama ta ce in wanke mata kai in nemo jan baki. Na ce wane iri, ta ce ja sosai. Yanzu zan fita nema.

Ku sauka lafiya.

Taki,
Hamdatu