Ni na tona dabon maigidana, amma ɗansa aka kora

Assalamu alaikum mai shafi, da duk masu bibiyar wannan shafi. Allah Ya saka muku da alheri bisa yadda kuke sauraron damuwar mutane. Don girman Allah a ɓoye sunana. Kuma ina roƙo, kafin kowa ya fara zagina ya daure ya karanta har ƙarshe, don duk zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina wanda ya fi shi zafi. Raina a ɓace nake wannan rubutu, in kun ga na cakuɗa magana ku yi haƙuri.

Ni tela ne a Rano, da mata ɗaya da 'ya'ya biyu. Bayan ɗinki ina wasan dabo, wato rufa-ido, irin na hannu zalla wanda ake yi a gaban hancin mutum. Babu aljani a ciki, babu laya, babu tsubbu, saurin yatsa ne kawai da iya ɗauke hankalin mai kallo. Wanda ya koya mini wani dattijo ne a Nariya ta ƙasar Kibiya, zan kira shi Baba. A da yawon kasuwanni yake da kiɗa da wuƙaƙe, da aka kawo Shari'a sai ya ajiye duk wannan ya koma ƙananan wasanni na zobe da goro da zare, waɗanda ko a gaban liman zai yi ba tare da jin nauyi ba. A cikinsu akwai wanda shi da kansa ya ƙirƙiro, yake kiransa shiga-ba-sallama. Zai ba ka igiya ka dudduba, ka riƙe baki ɗaya a dama ɗaya a hagu, ka ja ta da ƙarfi. Ya ɗauko zobe ya matso da shi, ba mayafi ba hankici, ya hura masa iska, sai ka ga zobe na lilo a tsakiyar igiyar alhali ba ka saki ko'ina ba. Da wannan aka san shi, saboda shi ake gayyatarsa biki da suna. Mutum biyu kawai ya koya wa a duniya: ɗansa na cikinsa, da zan kira Sale, sai ni. Ran da ya koya mini ya kama wuyan hannuna ya ce, "Wannan shi ne tuwon gidana. Ko matarka kada ta sani." Na ce, "Na ɗauki alkawari, Baba."

To, a wani ɗaurin aure a Zurgu na yi wa abokan ango wannan wasa, aka yi ta shewa, muka watse. Ban ankara ba sai magana ta fara yawo cewa tela yana da aljanu, wai da daddare zare ke shiga allura da kansa a shagona. Kun ji fa! Mutumin da na ɗinka wa kayan sallar 'ya'yansa shekara da shekaru ya aiko a karɓi yadinsa. Surukina malamin makarantar allo ne, mutum mai tsauri, ya aiko aka tafi da matata da yaran. Na je na durƙusa a zaurensa na ce, "Allah Ya gafarta Malam, wallahi dabarar hannu ce." Ya ce, "To nuna dabarar." Na ce, "Malam, amana ce, na yi alkawari." Ya ce, "Duk mai sihiri haka yake cewa. Kuma ba a zaurena za ka yi ba, ga alluna jingine. Ku da ba ku rabuwa da waya, ɗauko mini a waya in kalla a tsanake, in maimaita yadda nake so, don ido yana ruɗuwa. In ba za ka iya ba, 'yata tana nan." Don Allah jama'a, ku da kuke shirin zagina, wanene a cikinku zai kwana a gida babu motsin 'ya'yansa a kan igiya da zobe?

Ban je na nemi izinin Baba ba, saboda na san amsar da zai ba ni. Wannan kam ba ni da abin cewa. Zobena da igiyata matata ta jefa su a masai ran da za ta tafi, don tsoron abin da ake faɗa. Ana nan sai ga Sale ya kawo mini rigarsa in gyara wuya, ya tafi. Da na ɗaga rigar na ji nauyi a aljihu: igiyarsa ce da zobensa na azurfa mai jan dutse, wanda kowa ya san shi da shi. Da azahar na ja ƙofar shago, na shimfiɗa baƙin yadi a kan tebur, na jingina waya da keken ɗinki. Hannuwa kawai suka fito, ban ce uffan ba. Na yi dabon a hankali, ta gaba, ta baya, na buɗe tafin hagu na nuna inda sirrin yake kwance. Na mayar da kayan aljihun rigar kamar ban gani ba. Na tura wa Malam, na bi da kira na ce, "Don Allah Malam in ka gani ka goge, rayuwar wani ce a ciki." Ya ce, "Na ji."

Matata ta dawo, alhamdulillahi. Amma Malam bai goge ba. Ya tura wa 'yan'uwansa malamai don su san surukinsa ba boka ba ne, su kuma suka tura wa na gaba, sunana ya ɓace a hanya, kafin ka ce me bidiyo ya cika Rano da Kibiya, har an sa masa kiɗa da rubutu wai "asirin masu dabo ya tonu". Da na je masa da maganar, buɗar bakinsa sai ya ce, "Ni mutuncina na wanke. Kuma ai alheri ne mutane su san ba sihiri ba ne." Dattijo mai koyar da amana kullum safiya! Na haɗiye abin da ya zo mini baki na tashi, don uban matata ne.

Muna da wani guruf a waya na masu dabo, daga Kano har Zariya da Jos, ni da Sale duk muna ciki. Nan bidiyon ya faɗo, aka zauna ana yi masa kuɗi kamar akuya a kasuwa. Wani ya ce dabon ba wani abu ba ne, irinsa sun cika intanet, tsoho ne kawai ya daɗe yana cin kasuwa da shi a ƙauye. Wani ya ce ƙarya ne, shi ya kalli na ƙasashen waje da yawa, duk sai an rufe igiyar da ƙyalle, wannan kuwa a fili ake yi, duk wanda ya ƙirƙiro shi gwani ne. Wani ya ce shi bidiyon ya fi burge shi a kan dabon, don an nuna komai dalla-dalla, ya kamata mu riƙa yin irinsa ko mutane su daina kiranmu matsafa. Wani dattijo daga Wudil ya saki saƙon murya yana huci, ya ce, "Ku kuna maganar kyan bidiyo, ni gawar sana'ar mutum nake gani." Sai wani mara kunya ya rubuta cewa mai koyarwar ma bai ƙware ba, babban yatsansa na hagu yana leƙowa. Kun san me na yi? Wallahi har na rubuta masa amsa mai zafi cewa da gangan aka sassauta don mai koyo ya gani, na kusa turawa, sannan na farga da abin da nake shirin yi. Ku duba irin zuciyata. Na ci amanar mutum, amma abin da ya fara ƙona mini rai shi ne an kushe yatsana. Da aka yabi bidiyon kuma, ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Wane irin mutum ne ni?

Baba ba shi da babbar waya, bai san wainar da ake toyawa ba, kuma babu wanda ya iya tunkararsa. Ranar kasuwar Kibiya na raka shi. Ya tara mutane kamar kullum, ya miƙa wa wani ɗan acaɓa igiya ya riƙe. Yana kawo zoben, sai ƙaton nan ya saki igiyar ya cafke hannun Baba na hagu, ya banƙare masa yatsu a gaban jama'a, yana dariya yana cewa, "Ga shi nan! Tsoho, ai duk mun gani a waya!" Aka fashe da dariya. Mutumin da a shekaru ya haifi ubansa! Na yi kan ƙaton zan mare shi aka rirriƙe ni, mutane na cewa ka ga yaron kirki mai kishin maigidansa. Baba ya ce a nuna masa wayar. Ya kai ta dab da idonsa, don ganinsa ya yi rauni, ya kalla har ƙarshe, sannan ya ce, "Wannan zoben Sale ne."

Abin da ya ƙara ɗaure Sale shi ne, ya daɗe yana damun uban da maganar bidiyo. Sau da yawa a gabana yake cewa, "Baba, zamani ya wuce ɓoye-ɓoye, mu ɗauki wasannin nan mu sa a intanet duniya ta san ka." Baba ya ce, "Ran da kowa ya san yadda ake yi, wa zai tsaya ya kalle ni?" Don haka da muka koma Nariya bai ma tsaya bincike ba. Sale ya rantse, ya maimaita, har da hawaye, magidanci mai iyali. Baba ya ce, "Zoben ne ya tashi da ƙafarsa ya je ya ɗauki kansa? Fitar mini daga gida, kuma ko gawata kada ka zo wanka." Ina tsaye a wurin. Ina tsaye! Har Baba ya juyo ya ce, "Kai ka gani ko? Bare ya riƙe amana, ɗan cikina ya sayar da ni." Na sunkuyar da kai, suka ɗauka tausayi ne.

Sale ya kwashe iyalinsa ya koma gidan kawunsa a Unguwar Gai. A guruf an cire shi, ana kiransa maci amana. Baba ya daina fita kasuwa, hawan jininsa ya tashi, wuni yake a kan tabarma yana kallon bango. Ni kuwa masu ɗinki sun dawo, har tsokanata ake a kan yadda aka tona mu, ina yaƙe.

Makon jiya ina cikin aiki sai ga Sale a ƙofar shago. Bai yi sallama ba, bai zauna ba. Ya daɗe yana kallon teburina, sannan ya ce, "Na yi ta tunani, yaushe zoben nan ya taɓa barin jikina. Sau ɗaya ne. Ran da na kawo maka riga." Na ce, "Sale, zauna mu yi magana." Ya ce, "Ba zama ya kawo ni ba. Ba zan faɗa masa ba, don ko na faɗa cewa zai yi hassada nake maka. Kai za ka faɗa da bakinka. In kuma ya mutu yana fushi da ni, ni da kai sai a gaban Allah." Ya juya ya tafi. Wallahi da ya kwaɗa mini almakashi da ya fi mini sauƙi.

Ina jin haushin Malam da ya tura, ina jin haushin waɗanda suka ƙaga mini aljanu suka raba ni da iyalina, ina jin haushin ƙaton da ya banƙare hannun dattijo, da 'yan guruf da har yanzu suke musun ko dabon ya kai ko bai kai ba alhali mai shi na kwance. Amma duk in na gama zagaye sai in dawo kaina. In na faɗa wa Baba gaskiya, ina tsoron zuciyarsa ba za ta ɗauka ba, ya faɗi a gabana in zama ni na ƙarasa shi. In na yi shiru, uba zai tafi kabari da fushin ɗan da bai yi masa komai ba. Matata ba ta san komai ba bayan cewa bidiyon ne ya dawo da ita, in magana ta fito sunan mahaifinta zai shiga, gidana ya sake rikicewa.

Jiya kuma Baba ya aiko ƙaninsa har shago. Wai in je ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, akwai sauran wasanni da bai taɓa nuna wa kowa ba, ya ajiye su ne don Sale, yanzu yana so ya damƙa mini kafin ƙarfinsa ya ƙare. Ƙanin ya ce, "Ya ce in gaya maka kai kaɗai ka rage masa." Na ce masa ina nan tafe.

Jama'a, Juma'a ta kusa. In na shiga ɗakin nan zai miƙo mini hannu yana murmushi. Don Allah masu ilimi da masu hankali, ku gaya mini gaskiya ko da za ta yi mini ɗaci. Me zan yi?