Shagon Telan Ba Ya Cikin Lis, Ni Na Shafa Masa Jan Fenti

Assalamu alaikum mai wannan shafi da masu karatu. Don girman Allah a ɓoye sunana, sunayen da zan ambata ma na canza su. Ku daure ku kai ƙarshe kafin ku zage ni, zagin ma na riga ku, kullum ina yi wa kaina.

A Banifandu nake a nan Yamai. Da gwamnati ta fito da babban shirin nan na faɗaɗa hanyoyi da rushe shagunan bakin gudro, wato titin kwalta, na samu ɗan aiki a ciki. A ba ni lis da gwangwanin jan fenti, duk shagon da lambarsa ke lis in shafa masa alama, bayan kwana biyu katafila ta zo. Mai katafila ba ruwansa da takarda, ja kawai yake nema.

Akwai wani tela a kartiyenmu, wato unguwarmu, Malam Hamidu, dattijo mutumin Maraɗi, shagonsa na bakin lungu, can bayan layin rusau. Wata rana na tsaya shan shayi a ƙofar shagonsa, gwangwanina a hannu, sai ya ce wa mutane wai su matsa wa karen farautar gwamnati wuri. Aka kwashe da dariya. Ni kuwa Allah ya yi ni da baƙar zuciya, abu kaɗan ke hau mini kai. Ranar Juma'a da kowa ya tafi masallaci na zagaya na zabga jan fenti a bangon da ke kallon hanya. Na ce wa kaina tsorata shi kawai zan yi, gobe in goge. To me ya hana ni gogewa? Kwana biyu cur ina wucewa ta gaban bangon nan ina jin daɗi. Shi ma ya gani, ya ce kuskure ne, ai shi ba ya kan layi.

Ranar da katafila ta zo ya tsaya a ƙofa ya ce ba inda za shi. Ƙartin da aka ɗauko su raka aikin suka rufe shi da gora, suka fasa masa kai, jini ya wanke masa fuska, suna jansa a ƙasa yana kiran sunan Allah. Ya fizge ya koma ciki don ya fito da keken ɗinkinsa, daidai lokacin bango ya rufto. An tono shi da rai, amma hannunsa na dama ya niƙe, a likita sai da aka yanke shi daga wuyan hannu. Ina tsaye cikin taro ina kallo. Kalma ɗaya da na faɗa da an tsayar da katafilar nan, na yi gum saboda tsoron a kore ni daga aiki. Wane irin mutum ne ni?

Yanzu ga shi babbar kotu ta ce shirin gaba ɗaya ya saɓa wa tsarin mulki, a mayar wa kowa wurinsa a gina masa. Amma kwamitin da aka naɗa da lis yake aiki. Sau uku Malam Hamidu yana zuwa buro, wato ofishin kwamitin, ana ce masa lambarsa ba ta ciki, shagonsa bai taɓa shiga shirin ba, har wani ya kira shi ɗan damfara. Filin ma wani mai hali ya fara zuba yashi a kai. 'Yan kwamitin sun ce mafita ɗaya ce, wanda ya shafa alamar ya zo da kansa ya sa hannu cewa shi ne, kuma ƙarshen watan nan za su rufe rajista.

Ga inda gizo ke saƙar. Malam Hamidu yana da ƙane, Sanda, mahauci ne, ya dafa Alƙur'ani cewa hannu sai ya biya hannu. Ba cika baki yake ba. Ya tare mai katafilar a tasha ya zubar masa da haƙora, ya karya masa haƙarƙari, mutumin da ja kawai ya bi. Har yau yana kwance, wannan ma alhakina ne.

Jiya da la'asar suka yi mini sallama su biyu. Malam ya zauna, dungulmin hannun yana cikin aljihun riga, ya ce, "Ɗana, kai ka san masu fentin nan duka. Ka nemo mini shi. Sa hannu kawai nake so, in samu inda zan zauna ko maɓalli in sayar."

Sanda yana tsaye, bai taɓa ruwan da matata ta kawo ba. Ya ce, "Ka nemo shi. Ya sa hannun tukuna."

Na ce to, in sha Allahu. Malam ya sa mini albarka har ya fita.

Ina da mata da yara biyu, da hannun nan nake ciyar da su, kuma wallahi tsoro nake ji. In na yi shiru dattijon nan ya rasa wurinsa har abada. In na je, sunana zai hau takarda, Sanda kuwa ya iya karatu. Saura kwana tara.

Jama'a, me zan yi?