Bangon Yoila

Litinin, 3 ga Maris
Hope, 'yata, rubuta yadda na faɗa, kar ki gyara mini baki. Yau dattawan cocinmu na Bolori suka zo, Baba Alfred a gaba. Wai coci ya yi kaɗan tun da mutanenmu na ƙauye suka gudo gari, za a rushe a yi sabo da bulo. Marigayi mijina Yoila ne ya gina shi da hannunsa, shi ya ba da filin. Baƙin dutse daga Biu, mota uku. Ni na ɗebo ruwan kwaɓi da cikin Caleb wata bakwai. Shekara arba'in da biyu, ko tsaga babu. Na ce musu muddin ina numfashi ba mai taɓa dutse ɗaya. Suka sha ruwa suka tafi.

Alhamis, 6 ga Maris
Ƙafa na ciwo. Ban fita ba.

Asabar, 8 ga Maris
Caleb ya kira daga Ingila, a ƙauyen da yake aikin jinya. Ya zaga da ni cocinsu ta bidiyon waya. Hasumiya mai kusurwa huɗu, ƙararrawa shida a ciki. Tagogi na gilashi ja da shuɗi, da hoton makiyayi. Kwanon baftisma na dutse, wai shekara ɗari takwas. Kaburbura har bakin ƙofa, ciyawa a kansu. Ba laifi.
Amma ni matar magini ce. Na ce ya tsaya, ya koma baya. Tsakanin ginshiƙan hagu kan ginin a zagaye yake kamar rabin ƙwarya, na dama kuwa da tsini kamar an haɗa hannu ana addu'a. Na ce maginin nan ya yi kuskure, da Yoila ne sai ya rushe ya sake. Caleb ya yi ta dariya, ya tambayi wata tsohuwa mai jera furanni. Wai ba mutum ɗaya ba ne. Na hagu shi ne na farko. Bayan shekara ɗari biyu mutane suka yi yawa, jikoki suka fasa bangon dama suka ƙara ɗaki da irin ginin zamaninsu. Hasumiyar ma daga baya ta zo.
Na ce to, su suka sani.

Lahadi, 9 ga Maris
Na zauna a bencina na gaba, ƙarƙashin fanka. Ana cikin wa'azi sai hayaniya a waje. Matar Ya'akubu, mai tsohon ciki, ta faɗi a rana. Ashe fiye da rabinmu a waje suke tsayawa. Ban taɓa juyawa na duba ba.

Talata, 11 ga Maris
Ta samu sauƙi. Na aika mata kunun gyaɗa.
Hope, wannan tsohon bangon na hagu, na Ingila. Har yau yana tsaye ko? Tambaya kawai na yi.

Juma'a, 14 ga Maris
Na je coci duba tsintsiyoyi, sai na tarar da Baba Alfred da Gambo magini suna auna bangon gabas da igiya. Suka daskare. Na ce wa Gambo, kai yaro, wa ya koya maka aiki? Wannan bangon shi ke ɗauke da rufi. Na ja shi zuwa na arewa, na buga da sandata. Nan dutse ya ƙare wa Yoila, ya cike da tubali, ya shafe da siminti. Duk duniya ni kaɗai na sani, don kunya yake ji.
Baba Alfred ya ce, "Mama, kin yarda ke nan?"
Na ce, "Ban ce komai ba. Bango uku na Yoila ne, kar in ga an taɓa. Wannan kuwa dama bai taɓa sonsa ba."
Litinin za su fara fasa na arewan, a ƙara ɗaki. Ki kai mini kujera can da sassafe, Gambo ba ya riƙe igiya daidai.