Titinmu Ya Yi wa Baba Shiru

Yayana,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti da yaran. Mu ma kalau muke, sai kewarku.

Ka tambayi labarin titinmu. To, an gama aikin, in ka zo sai ka rantse ɓatan hanya ka yi. An kafa turakun ƙarfe a bakin layi, mota ba ta shigowa. An faɗaɗa wajen masu tafiya a ƙasa, tsakiyar kuma an shafe ta da koren fenti, ta zama ta kekuna. Ni dai kakata ta yanke saƙa. Ina shanya farin kaya in kwashe su farare, tarin da ke damun 'yar autata ma ya lafa.

Baba ne kawai ke cika yana batsewa. Ka san shi, tsohon bakanike, yana daga falo zai ji wucewar mota ya ce fulogi ɗaya ya mutu. Yanzu wai titin ya koma gidan makoki. Na ce ko hayaƙin yake kewa in kunna masa janareta a ɗaki, ya ce ba ni da kunya. Har yanzu dai kullum da safe yana tsallakawa shagon abokinsa mai aski su sha hira.

Ka gaishe da kowa.
Ƙanwarka, Auta

Yayana,

Ina gaisuwa, ya jikin Anti? Allah Ya ƙara sauƙi. Kada hankalinka ya tashi, amma keke ya buge Baba. Targaɗe ne a wuyan hannu da ƙujewa a goshi.

Wata nas ce mai tafiya aiki ke kan keken. Ita ta kawo shi gida tana kuka, tana rantsuwa cewa fuskarsa na kallonta sosai ya sako ƙafa. Na so in wanke ta tas, sai mai aski ya ja ni gefe. Ya ce ya daɗe da lura Baba ba ya duban titi in zai tsallaka, karkata kai yake yi yana saurare.

Na kai shi asibitin ido da ƙyar. Likita ta ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cin jijiyar, abin da ya tafi kuma ba zai dawo ba. A hanyar komawa Baba ya ce da ni, “Kamar ta cikin bututu nake ganinki, 'yar nan. Motocin ne ke gaya mini hanya.” Ashe da kunne yake tsallakawa shekara da shekaru. Ƙarar injin ke gaya masa nisan mota da gudunta, birkin bas ke gaya masa ya kai kwana. Keke kuwa ba ya cewa komai.

Yaya, raina a jagule yake. Gida ɗaya muke kwana, ni ke miƙa masa abinci, ban gane ba. Na je ofishin masu kula da titi, suka karɓe ni da mutunci, suka ce za su sa allo mai cewa a riƙa kaɗa ƙararrawa. Wa zan yi wa faɗa? Ba na so motocin su dawo, amma Allah Ya yafe mini, wani lokacin ina so.

Taka, Auta

Yayana,

Da fatan kun tashi lafiya. Saƙonka ya iso, na kuma gaya wa Baba shawararka, ko a riƙa kulle ƙofa ko ya koma wajenku. Ya ce shi ba akuya ba ne da za a ɗaure, kuma a gidan nan zai mutu. Ya ce a bar shi ya gwada, kunnensa zai koyi keken.

Jiya aka kwance masa bandeji, yau ya saka hularsa ya fita. Na bi shi ba takalmi don kada ya ji ni. Ya tsaya a bakin koren fentin ya karkata kai. Kekuna na wucewa sululu, 'yan makaranta da masu kai saƙo. Sau biyu ya ɗaga ƙafa ya mayar. Can titin ya zama wayam, ko keke ɗaya babu, mai aski na tsaye a ƙofar shago yana ɗaga masa hannu. Baba bai motsa ba, don a kunnensa duk ɗaya ne.

Sai na ji ya ce, “Auta, na san kina nan. Zo ki kama ni.” Ya miƙo hannu.

Yaya, ina tsaye a damansa, amma wajen hagu ya miƙa hannun. Na zagaya a hankali na kama.

Ka zo, don Allah.
Auta