Ɗan Kokawar Damagaram Da Babu Shi A Tarihin Kulob Ɗinku

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kulob, da dattawan kwamitin da suka tattara tarihin kulob ɗinku a ƙasar Turkiyya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da 'yan wasanku. Sunana Hajiya Rakiya Abdu, mutuniyar Damagaram a Jamhuriyar Nijar. Na daɗe da zama a Greensboro ta ƙasar Amurka, inda nake aikin kula da tsofaffi a gidajen masu hali na unguwar Irving Park. Ban ambaci sunan kulob ɗinku ba, domin mijina yana son sa, kuma ba zai ji daɗi ba in na tozarta shi a bainar jama'a. Kun dai san kanku. Da Hausa na rubuta saboda da ita kaɗai nake iya faɗin abin da ke ci mini rai, akwai wadda za ta juya muku zuwa harshenku.

A wurinmu mace ba ta kiran sunan mijinta, ni ma Malam nake ce masa tun ranar da aka kai ni gidansa. Yau dole ta sa zan rubuta: Haruna Maman Sani. A kansa nake magana, da kuma ɗanmu Bashir, wanda a yau yake ganin ubansa maƙaryaci ne saboda tarihin da kuka wallafa.

Na farko, ga yadda ya zo hannunku. Malam ɗan kokawar gargajiya ne tun yana saurayi, irin waɗanda ake kaɗa wa ganga bayan girbi. Ya sami bursu, wato tallafin karatu, ya tafi ƙasarku, sanyi da kewar gida suka kusa koro shi. Wani abokin karatunsa ne ya ja shi zuwa zauren kokawa na kulob ɗinku, wanda ke ƙarƙashin kujerun 'yan kallo na tsohon filin ƙwallonku. Da yake baƙo ne, ba a ba shi lasisin shiga gasa ba. Sai mai horarwa, wani dattijo mai ɗingishi da ke kiransa Harun, ya mai da shi abokin atisayen zakarunku. A jikinsa suke gwada kamu kafin su fita gasa. Su ɗaga shi su maka da ƙasa, ya tashi, su sake. Shekarun karatunsa duka haka ya yi su, ladansa miyar wake mai zafi da shayi a ƙaramin kofin gilashi. Ƙashin wuyansa da ya karye a zauren nan har yau a karkace yake, ni nake shafa masa man zafi in sanyi ya shigo.

Na biyu, ban taɓa ganin mutumin da ya haddace tarihin wani wuri kamar yadda Malam ya haddace naku ba. Ya san labarin samarin da suka kafa kulob ɗin sama da shekara ɗari da suka wuce, da waɗanda suka ajiye wasa suka tafi yaƙi ba su dawo ba, da yadda 'yan kokawa da 'yan tsere suka riƙe sunan gidan a shekarun da ƙwallo ba ta kawo komai. Ni da ban taɓa taka ƙasarku ba, na ji waɗannan labarai har sun gundure ni. Nakan ce masa, mutum ya bar danginsa a Damagaram ya zo yana ba mu tarihin kakannin wasu. Ya yi dariya ya ci gaba. Bayan mun ƙaura nan Amurka, a ƙaramin gidanmu na unguwar Glenwood, duk ranar da kuke da wasa, yakan nemi musanyar aiki a sito inda yake lodi, ya zauna gaban talabijin da butar shayi, Bashir a gefensa tun yana ƙarami. Waƙar kulob ɗinku yaron nan ya iya ta kafin ya iya gaisuwar Hausa.

Na uku, za ku ce ina hujja. Babu, kuma zan faɗa muku dalili ko da za ku yi dariya. Da zai baro ƙasarku, abokansa sun ba shi rigar atisaye mai tambarin kulob, da takalmin kokawa, da hoton da suka ɗauka tare, wani zakara ma ya cire lambar yabonsa ya rataya masa a wuya. Amma mu in mutum ya dawo daga tafiya, abin da ke jakarsa tsaraba ce, ba nasa ba ne. Rigar, yayansa ne ya ɗauka, ya yi noma da ita har ta mutu. Lambar ya kai wa tsohon da ya koya masa kokawa, don ban girma. Takalmin kuma wani ƙanensa ne ya saka ya tafi Agadez. Hoton kuwa goggonsa ta ce a bar mata tana ganinsa, ruwan wata damina ya rushe ɗakin da hoton a ciki. Kunya ba za ta bar shi ya ce wa ko ɗayansu a'a ba, kuma bai taɓa zaton wata rana za a ce ya kawo shaida ba.

Na huɗu, abin da ya faru. Da kuka fitar da sabon tarihin a shafinku na intanet, Bashir, wanda yanzu magidanci ne, ya zo gida da murnarsa zai nuna wa ubansa. Suka zauna suna dubawa a waya. Ƙwallo, ƙwallo, kofuna, shugabanni, sai ƙwallo kuma. Sashen kokawa layi kaɗan kuka ba shi, kuka ce an taɓa yi, an rufe. Babu mai ɗingishi, babu zauren, balle baƙon da ba shi da lasisi. Bashir ya buga sunan ubansa ta kowace siga, bai sami komai ba. Sai ya ajiye wayar, ya ce da Turanci, cikin taushin murya, babu komai Baba, kowane uba yana ƙara gishiri a labarinsa. Ba da rashin kunya ya faɗa ba, tausayi ne, kuma tausayin ne ya fi ciwo. Malam ya yi murmushi ya ce to, wataƙila mafarki ya yi. Daga ranar bai sake kunna wasanku ba, bai sake ambaton ƙasarku ba. Ni da nake ƙorafin surutunsa, sai ga ni ina tsokanarsa da tambayoyi ko zai tanka, yana ce mini in bar maganar.

Watanni bayan haka ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Ban ce ku kuka jawo ba, ciwo na Allah ne. Amma yanzu ba shi da bakin da zai kare kansa. Bashir yaron kirki ne, kullum yana tasowa daga Summerfield ya zo ya ɗaga ubansa daga gado zuwa kujera. Duk lokacin da ya sunkuya, hannun Malam mai lafiya sai ya zagaya ya cafke shi a bayan cinya, kansa ya shige ƙarƙashin hammatarsa. Bashir yana ce masa kada ya ji tsoro, ba zai yar da shi ba. Ni kuwa na san wannan kamun, na kokawa ne, ya sha gwada mini shi a tsakar ɗaki muna amarci. Ba tsoro ba ne, nuna masa yake yi. Na faɗa wa Bashir, ya dube ni da irin tausayin da ya dubi ubansa. Nakan shiga kicin in yi kukana in wanke fuska.

Na biyar, na neme ku kafin in fito fili. Wata Baturkiya da muke haɗuwa a masallacin Juma'a, Anti Zainab muke ce mata, ta rubuta muku a madadina, ta kuma buga waya. Amsar ofishinku ita ce takardun sashen kokawa sun salwanta lokacin da aka rushe tsohon filin, kuma wanda ba shi da lasisi ba ɗan wasanku ba ne. A ƙasan amsar har da tallan sabbin riguna. Ranka ya daɗe, na yarda takarda tana ɓata. Amma mutanen da suka yi shekaru suna kayar da wani baƙin saurayi mai tsage a kumatu ba su mutu duka ba, kuma ban yarda sun manta shi ba. Ba a tambaye su ba ne kawai.

Don haka ga roƙona. Ba na neman kuɗin magani, ba na neman a rataya hotonsa a gidan tarihinku. Ku nemo tsofaffin 'yan kokawarku da ke raye, ku tambaye su ko sun san Harun ɗan Nijar. Ku kuma buɗe wa sashen kokawa wuri na gaskiya a tarihinku, har da waɗanda aka yi atisaye a jikinsu, domin na tabbata ba Malam kaɗai aka bari a waje ba. In an sami ko mutum ɗaya da ya tuna, ya ɗauki murya ko bidiyo ya faɗi abin da ya sani.

Ku hanzarta don Allah. Likita ta ce fahimtarsa tana raguwa, wasu ranakun ni ma sai ya daɗe yana kallona kafin ya gane ni. In saƙon ya samu, kada ku aiko mini, ni ban taɓa shakka ba. Ku aika wa Bashir, da Turanci, ina so ya saurara a gaban ubansa tun uban yana iya gane fuskar ɗansa.

Allah Ya ja zamaninku, Ya ba kulob ɗinku nasara, Ya jiƙan magabatanku da aka rubuta da waɗanda ba a rubuta ba, Ya raba ku da ranar da 'ya'yanku za su yi shakkar maganarku.

Wassalam.

Hajiya Rakiya Abdu,
Greensboro, Amurka.